Idan Injin Jirgi Ya Mutu a Tsakiyar Sahu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina neman alfarmar fili a wannan jarida domin in yi bayani a kan wani al'amari na tuƙin jirgin sama da ake yawan kawo labarinsa a gurguje. Duk sa'ad da ƙaramin jirgi ya yi hatsari, abin da muka saba karantawa shi ne inji ya samu matsala, jirgi ya rikito, sai mai karatu ya tashi da fahimtar cewa da zarar inji ya ɗauke, magana ta ƙare. Na yi aikin gyaran injinan ƙananan jirage har na yi ritaya a kansa, na kuma yi zama mai tsawo da matuƙan da ke koyar da ɗalibai, saboda haka ina da abin cewa, musamman a kan yanayin da ya fi kowanne wuyar sha'ani, wato inji ya mutu alhali jirgin yana cikin sahu tare da waɗansu jiragen, irin jerin da jama'a ke ɗaga kai suna kallo a Dandalin Eagle ranar bikin samun 'yancin kai, ko a Kaduna ranar yaye hafsoshi.

Jirgin da ke tafiya shi kaɗai ba ya rikitowa nan take don injinsa ya mutu. Fiffike ne ke ɗauke da jirgi, aikin inji kuwa tura shi gaba, don haka muddin matuƙi ya sunkuyar da hancin jirgin ya riƙe gudun da ya dace, iska za ta ci gaba da bi ta kan fiffike, jirgin ya riƙa gangarowa sannu a hankali yana amsa duk abin da aka umarce shi. A ɗauki Cessna 172, wanda makarantun koyon tuƙi a faɗin duniya suka fi sabawa da shi. Gudun da ya fi kai shi nesa idan babu inji yana wajen kilomita 120 a awa, kuma a kan wannan gudu yakan ci gaba kimanin mita 9 a duk mita 1 da ya sauko. Ke nan idan yana ƙafa 1,000 daga ƙasa zai iya cin kusan kilomita 2.7 cikin abin da bai kai minti ɗaya da rabi ba, idan kuwa yana ƙafa 3,000 yana da wajen minti 4 a hannunsa. Lokacin ba shi da yawa, amma yakan isa ga wanda aka horar, kuma tun makon farko ake cusa wa ɗalibi jerin abin da zai yi: ya fara riƙe jirgin, sannan ya nemi inda zai sauka, magana da mutanen ƙasa ita ce ta ƙarshe.

Wannan jeri ba ya wadatarwa a cikin sahu, kuma dalilin yana ga idon matuƙi. Jagoran sahu shi kaɗai ke kallon gaba, shi ke lura da hanya, da yanayi, da sauran jiragen da ke sararin, shi ke magana da hasumiyar filin jirgi. Mabiyinsa kuwa, wanda ke 'yan mitoci daga fiffikensa, ba ya ɗauke ido daga jirgin jagora. Akwai alamomi biyu ko uku a jikin jirgin jagoran da yake daidaita kansa da su, hannunsa ɗaya a kan totur yana ƙarawa yana ragewa ba hutawa, agogunan gabansa ma sai dai ya saci kallonsu. Dokar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya ta ɗauki sahu a matsayin jirgi guda wajen bin hanya da ba da rahoto, ta ce kada mabiyi ya wuce kilomita 1 daga jagora ta gefe ko ta baya, ko mita 30 ta sama ko ta ƙasa, sannan ta ɗora alhakin hana karo a kan jagora da matuƙan da kansu. Mai kula da zirga-zirga da ke zaune a hasumiya ba zai raba su ba. Saboda haka mutumin da injinsa ya mutu a sahu yana iya kasancewa bai san takamaiman garin da ke ƙarƙashinsa ba, bai san ta ina iska ke busowa ba, kuma ga ƙarfe a damansa, ga ƙarfe a hagunsa, wani lokaci har a bayansa.

Abin da ya kamata a fahimta, Malam Edita, shi ne hatsarin farko a irin wannan hali karo ne, saukar gaggawa tana zuwa daga baya. Farfelar da inji ya daina juyawa ba ta zama kurum, iska ce ke ci gaba da kaɗa ta, ta koma birki, jirgin ya rage gudu farat ɗaya ya fara nutsewa, alhali na kusa da shi suna nan a kan gudunsu. Wanda ya taɓa ganin jahi ranar hawan daushe ya san cewa idan dokin tsakiya ya yi tuntuɓe, abin da ake ji wa mahayinsa tsoro ya wuce faɗuwar kanta, ana tsoron kofatan dawakin da ke gefensa da bayansa. Girman hatsarin ya danganta da matsayin jirgin a sahu. Wanda ke can ƙarshe ya fi kowa sa'a, domin yana rage gudu sai sahun ya wuce ya bar shi. Na biyu a jerin da ya karkata gefe guda yana da na uku da na huɗu da ke daidaita kansu da shi, idan ya ja baya kansu zai nufa, idan kuma ba su farga ba su bi shi ƙasa suna zaton jagora ne ya sauya tafiya. Mafi muni shi ne sahun jirage huɗu inda na huɗun ke bayan jagora kuma ƙasa da shi kaɗan, domin idan injin jagora ya ɗauke, baya da ƙasa zai yi, daidai inda ɗan'uwansa yake. Wannan ne ya sa malaman tashin sahu ke tsananta wa ɗalibi a kan abin da yake gani kamar ƙaramin abu, wato kada bakin fiffikensa ya shiga ƙarƙashin na jagora, kada kuma hancin jirginsa ya shige ƙarƙashin wutsiyar na gabansa. An bar wannan tazara ce domin ranar da jirgi ɗaya zai ja baya ba shiri, ya samu hanyar wucewa ba tare da ya taɓa kowa ba.

Don haka aikin farko na wanda abin ya sama shi ne ya fice daga sahu ta ɓangaren da babu kowa, idonsa a kan jiragen da yake rabuwa da su, kafin ya taɓa ko da maɓalli ɗaya. Galibi sama da waje ake yi, saboda gudun da sahu ke tafiya a kansa ya fi gudun gangarowa, kuma rarar nan dukiya ce: idan ya ɗaga hanci a hankali zai mayar da ita tsayi, tsayi kuwa shi ne lokaci. Da gudun ya sauko daidai wanda littafin jirgin ya tanada, sai ya sunkuyar da hanci ya tsaya a kansa. A rediyo kalmomi kaɗan ake so, ya faɗi lambarsa a sahu, ya ce injinsa ya mutu, ya faɗi ɓangaren da ya fita. Idan jagora ne abin ya sama, mabiya ba sa ƙoƙarin riƙe matsayinsu ta hanyar rufe totur, sai kowa ya buɗe zuwa gefensa ya wuce, wanda aka ayyana tun a ƙasa a matsayin mataimaki, yawanci na uku, ya karɓi jagoranci.

Hatsari na biyu shi ne wanda ya fi damuna, domin daga kyakkyawar niyya yake fitowa, wato yawan masu taimako. Mutum yana ganin jirgin abokinsa yana gangarowa, zuciyarsa ba za ta bar shi ya yi shiru ba. Wannan ya ce duba mai, wancan ya ce ga fili a dama, wani ya ce a'a na hagu ya fi, kuma rediyon jirgi ba ya ɗaukar murya biyu a lokaci guda, idan biyu suka danna tare sai ƙara kawai. Wanda ke da minti ɗaya da rabi a duniya ba shi da sararin sauraron shawarwari uku masu karo da juna. Tsarin da ƙungiyoyin tashin sahu suka daidaita a kai shi ne jirgin da ke cikin matsala shi ne gaba, a bar masa sarari, jirgi ɗaya tak ya yi masa rakiya, sauran su ja nesa su kame bakinsu, mataimaki ya tattara su ya kai su gida. Taimakon da ya fi kowanne amfani shi ne wanda jagora zai bayar a jimla guda, ya gaya masa filin jirgi mafi kusa yana ta wane ɓangare, nisansa nawa, iska daga ina take, tunda shi ne ya san inda ake. Idan filin ya fi ƙarfin tsayin da ya rage, ya faɗa masa gaskiya nan take, kada ya sa masa rai.

Ɗan rakiya yana tsayawa a baya ta gefe guda, da tazara mai yawa, inda ba zai tare wa ɗan'uwansa hanya ba ko da ya juya ba sanarwa. Daga nan yana ganin abin da na ciki ba ya gani, ko hayaƙi, ko baƙin mai yana malala a cikin jirgin, ko wuta, ko wayar lantarki da ta ratsa gonar da aka nufa. Shi ke ɗauke masa nauyin magana da hasumiya, ya yi kiran neman agaji a zangon da suke kai ko a zangon gaggawa na 121.5, ya faɗi irin jirgin, da yawan mutanen ciki, da wurin da yake sauka. Akwai wani abu da ake mantawa: a sahu jagora kaɗai ke kunna na'urar da ke nuna jirgi a allon rada, mabiya suna ajiye tasu a kashe, don haka sai an tuna wa wanda ya fice ya kunna tasa ya sa lambar gaggawa ta 7700, in ba haka ba mutanen ƙasa ba za su bambance shi ba. Idan rediyo ma ya mutu, sojan saman Amurka da ƙungiyoyin farar hula da suka kwaikwayi tsarinsu suna da ishara da yatsu domin nuna abin da ya samu matsala: ɗaya haidirolik, biyu lantarki, uku mai, huɗu iskar shaƙa, biyar inji. Sai dai ɗan rakiya shi ma yana cikin hatsari, domin ya rage gudu don ya daidaita da jirgin da ke gangarowa, hankalinsa yana waje, yana kewaya ƙasa-ƙasa, kuma a irin haka ne fiffike ke sakin iska, wato ya kasa ɗaukar jirgin, jirgi ya kife da lafiyayyen inji. Dole ya sa wa kansa iyakar tsayin da ba zai sauka ƙasa da shi ba, ya lura da gudunsa da mansa, idan ɗan'uwansa ya taɓa ƙasa ya ɗauki alamar wurin ya hau sama inda muryarsa za ta kai nesa.

Sai bayan an rabu da sahu, an kama gudun da ya dace, an zaɓi fili, sannan ake waiwayar inji. A matsayina na makaniki zan ce injin fistin na ƙaramin jirgi ba kasafai yake fashewa haka kawai ba, sau da yawa abin da yake buƙata ne bai kai gare shi ba, kuma mai ne kan gaba. Tashin sahu yana ƙara wannan hatsari ta fuska biyu. Mabiyi ya fi jagora shan mai saboda wasa da totur da yake yi, ga shi kuma ba ya kallon agogo. Jirage da yawa masu fiffike a ƙasa, irin su Piper Cherokee da dangin RV, tankin dama ko na hagu ake zaɓa, babu matsayin da ke haɗa biyun, don haka tanki ɗaya na iya ƙarewa inji ya ɗauke alhali ɗayan cike yake. Wannan ba labarin nesa ba ne a gare mu, domin jirgin koyo na Air Beetle, wanda aka harhaɗa guda 60 a Kaduna domin rundunar sojan sama a shekarun 1990, daga samfurin RV-6A aka samo shi. Jagora nagari yakan buɗe sahun lokaci-lokaci ya ce kowa ya duba mansa ya faɗi abin da ya rage, ya kuma tuna musu su sauya tanki. Binciken da matuƙi zai yi bai wuce na daƙiƙu ba: ya sauya tanki, ya kunna famfon mai na lantarki, ya tura madaidaicin mai, wato abin da ke daidaita mai da iska, gaba, ya gwada maganadisun da ke ba filogi wuta ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe wa kafireta iska mai zafi idan injin mai kafireta ne. Mutane kan yi mamaki idan aka ce ƙanƙara na toshe kafireta a ƙasa mai zafi kamar tamu, amma mai da ke zama tururi a maƙogwaronta yana sanyaya iska ƙwarai. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta ce abin ya fi faruwa a ƙasa da digiri 21 idan laima ta haura kashi 80 cikin 100, kuma yana yiwuwa har a digiri 38, wanda ke nufin safiyar damina a Zariya ko Jos ba ta kuɓuta ba. Idan an yi duk wannan inji bai tashi ba, a bar shi.

Inda lissafi ya fi tsanani shi ne lokacin tashi. Jirage biyu da za su tashi tare suna raba titin gida biyu, kowa da rabinsa, jagora ya ɗan rage totur don mabiyi ya samu rarar da zai bi shi. Idan injin ɗaya ya yi gardama kafin a bar ƙasa, ya tsaya a rabinsa ya taka birki ya sanar, ɗayan ya cika totur ya tashi abinsa, domin jirage biyu suna birki kafaɗa da kafaɗa a titi ɗaya neman karo ne. Idan kuwa an riga an bar ƙasa, jarabar da ke zuwa wa kowane matuƙi ita ce ya juya ya koma titin da ya baro. Littafin koyar da tuƙi na hukumar Amurka ya buga misali da jirgin da injinsa ya mutu a ƙafa 300: matuƙi zai ɓata wajen daƙiƙa 4 kafin ya gane abin da ya faru, juyawa a hankali zuwa baya da sake daidaitawa da titin zai kai digiri 225 ya ci daƙiƙa 75, kuma a wannan lokaci jirgin zai sauko fiye da ƙafa 1,300, alhali 300 kawai yake da su. Idan ya ce zai matsa juyawar don ya rage lokaci, wani tarkon na jiransa, domin gudun da fiffike ke sakin iska a kansa yana ƙaruwa da kusan kashi 19 cikin 100 idan jirgi ya kwanta digiri 45, da kashi 41 idan ya kwanta digiri 60. Abin da ake koyarwa shi ne a sunkuyar da hanci a sauka a abin da ke gaba, ko da ɗan karkata kaɗan dama ko hagu.

Ranar 17 ga Mayun 2020, jirage biyu na tawagar Snowbirds ta sojan saman Kanada suka tashi tare daga Kamloops. Jim kaɗan wani ƙaramin tsuntsu ya shiga injin ɗaya daga cikinsu, matuƙin ya hau sama ya rabu da abokin tafiyarsa, ya juya hagu wajen filin jirgin, fiffike ya saki iska, shi da wadda ke tare da shi suka cilla kansu waje da kujerun tsira a tsayin da bai isa ba. Kyaftin Jennifer Casey ta rasu, matuƙin ya ji munanan raunuka, jirgin ya faɗa unguwar jama'a. Ranar 16 ga Satumban 2023 kuma, a Turin ta Italiya, ɗaya daga jiragen tawagar Frecce Tricolori ya rasa ƙarfi bayan tashi cikin sahu, matuƙin ya cilla kansa ya tsira, amma jirgin ya tsallake shingen filin ya afka wa wata mota, yarinya 'yar shekara 5 ta rasu. Waɗannan ƙananan jiragen jet ne masu inji ɗaya, matuƙansu kuma zaɓaɓɓu ne a ƙasashensu, ban kawo su don in ga laifin kowa ba. A duka biyun an kauce wa karo, abin da ya rage shi ne ƙarancin tsayi da kuma abin da ke shimfiɗe a gaban titin.

Akwai kuma injin da bai mutu ba bai kuma yi rai ba, yana tari yana dawowa, wanda a ganina ya fi mataccen inji sharri, saboda yana sa matuƙi jinkirta yanke shawara. Hukumar binciken hatsarin sufuri ta Ostireliya ta duba abin da ya faru daga 2000 zuwa 2010 a jirage masu inji ɗaya jim kaɗan bayan tashi, ta samu raguwar ƙarfin inji sau 242, guda 9 daga ciki sun kai ga asarar rai, alhali a mutuwar inji gaba ɗaya a wannan tsakani ba a rasa rai ba. Wanda injinsa ya mutu murus ya san sauka zai yi, wanda nasa ke tari kuwa yana ta sa rai zai kai gida. Ranar 9 ga Yulin 2017, a bikin nuna jirage na Duxford a Ingila, wani jirgin Mustang na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ya gamu da irin wannan a babban sahun rufe biki. Injin ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, matuƙin ya nufi filin, da ya ga ba zai kai titin ba, ga kuma babbar hanyar mota ta M11 a gab da filin, sai ya haƙura ya kwantar da jirgin a kan cikinsa a wata gona, ya fito da ƙafarsa. Jirgin ya lalace, kuma a wurina wannan sauka ce mai kyau.

Zaɓen fili a ƙasarmu yana da nasa ilimi. Da rani gonakin da aka girbe suna da faɗi, amma kunya tana iya kifar da jirgi idan aka ratsa ta, sai a sauka a bi tsawonta. Akwai suri, akwai kututture, akwai itatuwan ɗorawa da kaɗanya da manomi ya bari a tsakiyar gona. Da damina fadama tana da kyan gani daga sama, amma taya na shiga taɓo hanci zai kafe. Kwalta tana jan ido, sai dai turakun lantarki da motoci da masu babur suna bakinta. Hazon hunturu kuma yana ɓoye duk wannan har sai an matso. Abin da ke ceton rai shi ne a taɓa ƙasa a mafi ƙarancin gudu, ana fuskantar iska, jirgin yana hannun matuƙi har ya tsaya, domin idan gudu ya ninka sau biyu ƙarfin bugu sau huɗu yake ninkawa. Kafin a taɓa ƙasa a rufe mai, a kashe wuta, a ɗaure ɗamara tamau, a ɗan buɗe ƙofa don kada ta maƙale. Mutanen ƙauyen da jirgi ya sauka a gonarsu su taimaka wa na ciki su fito, sannan kowa ya ja baya, kada a matso da taba ko wata wuta, kada a taɓa kujerar jirgin soja, domin akwai abin fashewa a ƙarƙashinta.

Duk abin da na zayyana a ƙasa ake shirya shi, a zaman da matuƙa ke yi kafin tashi, inda za a faɗi wanda zai yi rakiya, da wanda zai karɓi jagoranci, da ɓangaren da kowa zai fice, da filayen da ke kan hanya. A nan ne nake da roƙo ga hukumominmu. Ba mu manta da ranar Juma'a 28 ga Satumban 2018 ba, lokacin da jiragen F-7Ni biyu suka gogi juna a Abuja suna atisayen bikin cika shekara 58 da samun 'yanci, suka faɗa yankin dutsen Katampe, matuƙa uku suka cilla kansu waje, Sikwadiron Lida Bello Baba-Ari ya rasu, Allah ya jiƙansa. Wancan karo ne, ba mutuwar inji ba, amma ya nuna yadda tazara take da ƙaranci a sahu, da kuma irin ƙasar da ke ƙarƙashin jiragen da ke shawagi a kan babban birni mai duwatsu da gidaje. Ina roƙon masu tsara irin wannan shawagi, musamman idan da ƙananan jirage masu inji ɗaya ne irin Super Mushshak da ake koyo da su a Kaduna, su zaɓi hanya da tsayin da zai bar wa kowane jirgi wurin da zai kai idan injinsa ya ɗauke, ko da hakan zai rage wa 'yan kallo armashi. Ina roƙon gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su hana gini a filayen da ke gaban titunan jirage, su kuma nisanta juji da mayanka daga filayen, tunda su ke tara shirwa da ungulu da balbela. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya tana nan tun 1964, gari kuma kullum matsowa yake yi kusa da ita.

Roƙona na ƙarshe a kan rahoton bincike ne. Na iya kawo abin da ya faru a Kamloops da Duxford dalla-dalla ne saboda waɗanda suka bincika sun fitar da sakamakon kowa ya karanta. Hukumar binciken hatsari ta Najeriya tana wallafa rahotanninta a kan jiragen farar hula, ina fata rundunar sojan sama ita ma za ta riƙa fitar da taƙaitaccen sakamakon bincikenta a kan jiragen koyo da na shawagin biki, a cire abin da ya shafi sirrin tsaro, a bar abin da ɗalibin tuƙi da makaniki za su ƙaru da shi. Ku kuma 'yan jarida, idan irin wannan labari ya zo muku, ku tambayi tsayin da jirgin yake lokacin da injin ya ɗauke, da matsayinsa a sahu, da abin da ke gaban titin, sannan ku koma bayan wata shida ku tambayi inda rahoton ya kwana.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam.

Naka,
Tsohon makanikin jiragen sama,
Kaduna.